Yadda ake zaɓen abin shafe rufi da bango don kare gini daga ruwa da rana

Yawancin masu gida idan sun shiga shagon fenti tambayarsu biyu ce: wace kala, kuma nawa ne bokiti. Akwai tambayoyi biyu da ya kamata su riga waɗannan: a kan me za a shafa, kuma ta ina ruwan yake shigowa? Fentin da ya zauna daram a kan filasta, idan aka kai shi kan sabon kwano sai ya saɓule kafin a yi damina biyu. Simintin da yake kare bulo kuwa, shi ne yake kayar da katangar ƙasa idan aka yaɓa shi ba bisa ƙa'ida ba.

Daga Zariya zuwa Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram, gini yana fama da abu uku: zafin bazara da ke haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, ruwan Agusta mai zuwa da iska, da ƙurar hunturu. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ake ji a rufin kwano da hantsi ko da magariba, buɗewa da tsukewar ƙarfe ce. Duk abin da za a shafa a rufi dole ya iya bin wannan motsi, in ba haka ba ya tsage.

Kayan da za ka tanada

- Tef na awo, alli ko gawayi, takarda da biro
- Leda mai kauri da salatif mai faɗi
- Sukudireba, ƙaramar guduma, makankari, burushin waya da samfefa
- Burushin fenti mai faɗin inci 4 da ƙarami mai inci 2, rola da sandarta, bokiti biyu
- Tsintsiya, omo, ruwan bilic, da sifirit kaɗan a kwalba
- Tsani mai ƙarfi, katako mai faɗi na takawa a kan rufi, igiya
- Takunkumi, safar hannu, da takalmi mai ƙasan roba

Fenti da sauran abin shafawa su ne na ƙarshe a saye. Kada ka sayi ko galan ɗaya sai ka gama matakai biyu na farko.

1. Gano hanyar ruwa

Wannan bincike da damina ake yinsa, aikin kuma da rani. Idan ruwa ya ɗauke, zagaya gidan da alli a hannu, ka zagaye duk inda ka ga jiƙa, ciki da waje. Leƙa cikin silin da fitila. Tabon da ke jikin silin ba kasafai yake daidai da hudar ba, domin ruwa yana bin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, saboda haka ka bi sawunsa zuwa sama.

Wurin da tabon yake shi zai gaya maka tushensa. Idan daga saman bango yake gangarowa, laifin rufi ne, ko indararo, ko kan katangar da ba a yi wa hula ba. Idan a tsakiyar bango yake, musamman bangon gabas, bugun ruwan sama ne, don hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa kuma wannan bangon ne ke shan duka. Idan kuwa daga ƙasa ya taso, ya tsaya kusan mita ɗaya ko ƙasa da haka, fenti yana kumbura, wani farin gari mai kama da gishiri yana fitowa, to danshi ne daga harsashi. Tabon da ba ya bushewa ko da rani, kusa da banɗaki ko kicin, famfo ne ya fashe a cikin bango.

Babu fentin da ke maganin na ukun da na huɗun. Na famfo sai an fasa an gyara. Na harsashi kuma sai an rage ƙasar da ta taru a gindin bango, an karkata ruwan tsakar gida da na kwata nesa da shi, an kankare filastar da gishiri ya cinye an sake sabuwa da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin. Mutane da yawa suna manna tayil ko su shafa fentin mai a gindin bangon, sai danshin ya rasa mafita ya haura ya ɓullo a saman tayil ɗin.

Don tabbatar da bushewar bango ko kankare, yanko leda kamar santimita 45 kowane gefe, manna ta da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bai isa shafi ba tukuna.

2. Gwada abin da ke jikin bangon yanzu

Goga tafin hannunka a bango. Idan ya fito da gari, tsohon fentin ya mutu, sai an wanke an kankare. Manna salatif ka fizge da ƙarfi. Idan ya taho da fenti, sabon da za ka ɗora ma haka zai taho. Ƙwanƙwasa filasta da ƙotar sukudireba: inda ka ji sautin rami kamar ganga, filastar ta rabu da bulo, a sassare ta a sake. Sannan jiƙa tsumma da sifirit ka goga. Fentin ruwa zai kama tsumman, fentin mai ba zai motsa ba. Amfanin sanin wannan shi ne fentin ruwa ba ya kama jikin fentin mai mai sheƙi sai an kashe sheƙin da samfefa an sa firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama. Idan tsohon fentin mai ne, jiƙa shi kafin ka goga, don wasu tsofaffin suna da dalma a ciki, ƙurarta kuma illa ce babba ga yara.

Baƙi-baƙin fumfuna da koren gansakuka a wanke su da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, a bar shi rabin awa, a ɗauraye.

3. Bangon bulo mai filasta

Sabuwar filasta tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti, tare da ban ruwa a satin farko. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka, wanda ke cin fentin mai ya mai da shi kamar sabulu, ya kuma koɗar da kala. Shi ya sa shafin farko ya zama firaima mai jure siminti. Idan babu ita a kasuwarku, sirka fentin ruwan da za ka yi amfani da shi da ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, ka yi shafin farko da shi don bangon ya sha.

A waje, nemi fentin ruwa na akirilik wanda aka rubuta a jikinsa cewa na waje ne. Yana hana ruwan sama shiga, yana kuma barin danshin cikin bango ya fita. Fentin ruwa mai arha na cikin ɗaki, idan aka kai shi waje, damina ɗaya ke wanke shi. Fenti mai ƙurzunu-ƙurzunu, irin wanda masu fenti ke kira Texcote, yana rufe ƙananan tsage da rashin daidaiton filasta, kuma yana daɗewa, amma yana cin kaya sosai, sannan yana riƙe ƙurar hunturu. A bakin titin da ba kwalta, farinsa ba ya wata uku bai koma ja ba, don haka a nan gara kalar ƙasa-ƙasa. Fentin mai na ƙofa ne da taga da ƙarfe. A bangon waje yana toshe numfashin bango sai ya yi bororo.

Kuskuren da ya yawaita yanzu shi ne yin sikiridin, wato shafin da ke sa filasta ta yi sumul kafin fenti, da garin POP a bangon waje. POP yana shan ruwa ya yi laushi, ya faɗo da fentin gaba ɗaya. Na waje a yi shi da siminti ko garin sikiridin da aka yi don waje.

Tsagar da ba ta wuce kaurin gashi ba fenti mai kauri zai rufe ta. Wadda farce ke shiga a buɗa ta da makankari a cike. Wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, kuma tana ƙara faɗi, harsashi ne ke motsi; injiniya za a kira, ba mai fenti ba.

4. Ginin ƙasa da rufin soro

Katangar ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, kuma muddin tana samun bushewa tana nan da ƙarfinta. Idan aka lulluɓe ta da filastar siminti mai ƙarfi, abu biyu ke faruwa. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare, sai filastar ta tsage ta rabu da bangon. Ruwa ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, gara ta samu wurin zama. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama taɓo, wata rana cikin Agusta sai ya zube a dunƙule.

Abin da ya dace da ƙasa shi ne yaɓen ƙasa. Maginan gargajiya suna kwaɓa jar ƙasa da ramno da kashin dabbobi, su bar kwaɓin ya kwana biyu yana ruɓa ana sake tattaka shi, sannan su sa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ko aka dafa. Makuba ce ke sa yaɓe ya yi duhu ya yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Ba ta dawwama, shi ya sa ake sabunta yaɓen, kuma bangon gabas ya fi saurin nema. Ga rufin soro da rawani da bakin indararo akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga ramukan marina, gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. Da shi ake shafe cikin ramukan rini irin na Ƙofar Mata a Kano, inda ruwa ke zama wata da watanni, wannan kuwa ya isa shaida a kan ƙarfinsa. Wahalarsa yanzu ita ce samun katsi da wanda ya iya haɗin, don marinu sun ragu. Idan akwai tsohon magini a unguwarku da ya san shi, shi ya fi cancanta da aikin.

Idan dole sai siminti, to a yi shi da rauni: siminti kashi ɗaya, yashi kashi takwas. A kankare bangon har a kai ƙasa mai tauri, a buga ƙusoshi a ɗaura wayar kaji, a yayyafa ruwa kaɗan, sannan a yi filasta. A gyara saman katangar yadda ruwa ba zai bi ta bayan filastar ba, kuma kada a ɗora mata fentin mai. Farar ƙasa ko fentin ruwa mara kauri ya wadatar.

A rufin soro, kafin kowane shafi, cire ciyawar da ta tsiro, cike ramuka, ka gyara gangaren zuwa indararo. Duba azara daga ciki. Ƙara ƙasa a kan ƙasa kowace shekara ba tare da rage tsohuwa ba yana ƙara wa azara nauyi har ta lanƙwashe, tsakiyar rufin ya zama tafki. Indararo kuma ya yi tsawon da zai watsa ruwa nesa da gindin bango.

5. Rufin kwano

Taka a kan layin ƙusa kawai, inda katako yake a ƙasa, ko ka shimfiɗa katako ka taka. Soka sukudireba a inda tsatsa ta fi yawa. Idan ya huda, fallen ya gama aiki, canja shi ya fi arha. Idan tsatsar a sama take, goge ta da burushin waya har ƙarfe ya bayyana, wanke rufin da omo, ɗauraye, ka bar shi ya bushe. A ranar da ka goge, a ranar za ka shafa jan firaima na tsatsa a wuraren, don raɓar dare ɗaya ta isa ta dawo da ita. Bayan ya bushe sai fentin rufi shafi biyu.

Sabon kwano mai ƙyalli yana da maiƙon masana'anta, kuma sinadarin da aka lulluɓe shi da shi ba ya jituwa da fentin mai. Ko dai a wanke shi a sa firaimar da aka yi musamman don irin wannan kwano, ko a bar shi ya sha damina ɗaya har ƙyallin ya dushe.

Yawancin yoyon kwano daga bakin ƙusa ne da mahaɗar falle. Ƙusar da ta yi sako-sako a cire ta a sa mai roba a wuya, a kan tudun kwanon ba a kwarinsa ba. Ƙananan huji a manna musu tef mai kwalta da bayan alminiyam, bayan an goge wurin ya bushe. Idan babu, a shafa kwalta, a ɗora ƙyalle mai ƙarfi, a sake shafa kwalta a kai. Dabarar narka farin soso a fetur tana toshe huji na ɗan lokaci, amma rana tana busar da shi ya tsage, ga haɗarin gobara.

Wajen kala, fari ko ruwan azurfa suna mayar da hasken rana, ɗaki ya fi sanyi da bazara. Shafe kwano gaba ɗaya da baƙar kwalta yana mai da ɗakin tanda.

Dogon kwanon alminiyam mai kala daga masana'anta ba ya tsatsa, ba ya neman fenti. Robobin ƙusoshinsa ne ke mutuwa, su za a canja. Tsohon rufin asbesto kuwa kada a kusance shi da burushin waya ko samfefa, ƙurarsa tana lalata huhu, kuma yana karyewa a ƙarƙashin ƙafa ba tare da gargaɗi ba.

6. Rufin kankare

Dekin ba ya yoyo saboda rashin fenti, yana yoyo ne saboda ruwa yana kwana a kansa. Watsa bokiti biyu na ruwa ka ga inda ya tsaya. Ana son gangaren kusan santimita 2 a kowace mita zuwa bakin bututu. Idan babu, a fara zuba kwaɓin siminti da yashi a fitar da gangaren, a kuma cike kusurwar da ke tsakanin daɓe da katangar rufi ta zama a kwance, kamar santimita 5, don a nan tsaga ta fi fitowa.

Daga nan zaɓi uku ne. Tabarmar kwalta da ake mannawa da wutar gas, mai kaurin milimita 3 ko 4, ita ta fi jure babban fili da tsage masu motsi. Ana fara shafa firaimar kwalta, a fara shimfiɗa daga wuri mafi ƙasa ana hawa sama, kowane layi ya hau na ƙasansa da santimita 10, ƙarshen nadi kuma da 15. A haurar da ita jikin katanga aƙalla santimita 15 zuwa 20, a cusa bakinta cikin tsagar da aka yanka a filasta a rufe. Zaɓi mai yashi ko alminiyam a baya, don baƙar tsirara rana tana cinye ta. Aikin wuta ne, a ba wanda ya saba, a ajiye bokitin yashi kusa.

Na biyu shi ne maganin hana ruwa mai haɗin gari da ruwa, wanda ake damawa a shafa da burushi a kan kankare mai ɗan danshi, shafi biyu, na biyun ya gicciye na farko. Shi ya fi dacewa da baranda, banɗakin bene, tankin kankare, da duk inda za a ɗora tayil. Na uku fentin roba ne na akirilik, fari, mai sauƙin shafawa kuma mai rage zafi, amma ba ya jure kwanciyar ruwa, sai a rufin da gangarensa ya fita sosai. A kan tsage da kusurwoyi a shimfiɗa masa ƙyallen raga tsakanin shafi da shafi.

Kwaltar titi da ake narkawa a ganga a kwarara tana aiki shekara ɗaya ko biyu. Tana narkewa da bazara, ta tsattsage da hunturu, kuma duk abin da za a so shafawa daga baya ba zai kama ba sai an kankare ta.

7. Lissafi da saye

Bango mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3 murabba'in mita 36 ne. Cire ƙofa ɗaya da taga biyu, kusan 5, saura 31. Shafi biyu ya zama 62. A kan filasta, lita ɗaya ta fentin ruwa tana cin kusan murabba'in mita 8, ke nan lita 8, ka ƙara ɗaya don asara. Fenti mai ƙurzunu yana cin ninkin wannan sau da yawa, don haka duba adadin da aka rubuta a jikin bokitin. A kwano, ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan faɗin ginin saboda gangare da lanƙwasa da baki. Nadin tabarmar kwalta mita 1 ne a mita 10, amma bayan hawa-hawa abin da yake rufewa bai kai murabba'in mita 9 ba. Dekin mai murabba'in mita 60 zai ci nadi 8 har da na jikin katanga.

A shago duba hatimin murfi da ranar da aka yi kayan. Sayi kala ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ka juye bokitan wuri guda ka gauraya, don bokiti biyu masu suna ɗaya kan ɗan bambanta. Firaima da fentin sama su zama na kamfani ɗaya in da hali. Idan kuɗi bai kai ba, gara ka yi rufi da bangon gabas da kaya mai kyau bana, sauran su jira baɗi, da ka shafe gida duka da ruwan alli.

8. Lokacin aiki da shafawa

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa da 'yan makonni, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba kafin ƙura ta yi ƙarfi, ko kuma Fabrairu zuwa farkon Afrilu. Ranar da hazo ya sauko a haƙura. A rufi, fara bayan raɓa ta bushe, ka sauka kafin rana ta take. Ɗora bayan hannunka a kan kwanon. Idan ba za ka iya barinsa ba, fenti ma zai bushe kafin ya kama. A bango, bi inuwa: yamma da safe, gabas da la'asar.

Fara da rufi, sannan bango daga sama zuwa ƙasa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Fentin ruwa a ba shi awa huɗu tsakanin shafi, fentin mai kuma ya kwana. Sirkin shafin sama kada ya wuce ruwa kashi ɗaya cikin goma. Idan ka ba da aikin kwangila, ka tsaya a wurin lokacin buɗe bokiti, don a nan ake tsinka fenti har lita 20 ta koma 35.

A dekin, kafin a sallami ma'aikata, toshe bututun, tara ruwa mai zurfin santimita 5, ka yi alama da alli a jikin katanga, ka bar shi kwana biyu. Shiga ɗakin da ke ƙasa safe da yamma ka duba silin da kusurwoyi da fitila. Idan ka ga ɗigo ko duhun danshi, zubar da ruwan, bari ya bushe, ka fara neman ɓarakar daga bakin bututu da mahaɗar tabarma mafi kusa da wurin.